Motar kwana: daga ayarin fatake zuwa J5 ɗin Kawu

1/ Jama'a, zare ne, ku gyara zama. Jiya abokina ya turo min bidiyon wani Bature da ya cire kujerun ƙaramar bas, ya sa gado da risho yana yawon duniya. Wai "ka ga masu kai". Na ce masa malam, Kawuna a Kazaure ya yi wannan tun ban fara rarrafe ba.

2/ Nasu tarihin ga shi: Volkswagen ta fito da ƙaramar bas ɗinta a 1950. A 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara sa mata gado da kabad don masu tafiya hutu. Wato su shaƙatawa ce ta haifi abin. Mu kuwa rani ne ya haife shi.

3/ Kafin mota, da an gama girbi sai fatake su ɗaura wa jakai kaya, madugu a gaba, su nufi Gwanja sayen goro. Tafiyar watanni ce. Tabarma, tukunya, salkar ruwa, duk suna kan jaki. Inda dare ya yi a yada zango. Har yau sunan bai ɓace ba, ga Zangon Daura nan kusa da mu.

4/ Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan motoci suka biyo baya, ayari ya fara mutuwa. Amma kwana a hanya bai mutu ba, mota ya koma.

5/ Kun san Wapa ta Fagge, inda ake canjin dala? Sunan kamfanin jigilar alhazai ne da su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa a 1948. A zamanin maniyyata da yawa ta ƙasa suke bi: Maiduguri, Chadi, Sudan, sannan jirgin ruwa zuwa Jidda. Motar ce ɗaki, ita ce rumbu.

6/ Sai zamanin J5, wadda Peugeot ta fitar a 1981. Ita Kawu ya saya kwance, yana kai tumatirin noman rani daga Kazaure zuwa Mile 12 a Legas.

7/ Ga yadda ya gyara ta: ya kwance kujerun baya, kafinta ya shimfiɗa katako a ƙasa. Katifa a naɗe bayan kujerar direba, jarkar ruwa biyu, buta, risho, gidan sauro. In an sauke kwanduna ya wanke ciki, shi ke nan ɗaki ya samu. Kuɗin masauki ya koma buhun gero a gida.

8/ Dokarsa biyu, kuma wallahi ku riƙe su. Ba a kunna risho ko gawayi a cikin mota a rufe, hayaƙin da ke kisa ba ya wari. Ba a kwana a daji kai kaɗai, sai tasha ko gidan mai inda sauran direbobi suke. Zangon fatake ke nan ya dawo da sabon suna.

9/ Kawu ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Motar tana ƙofar gida a kan duwatsu, tayoyi sun sace. 'Yan gwangwan sun taya, gida kuma ana son kuɗin.

10/ Ni na roƙi a ba ni zuwa ƙarshen damina. So nake in tada injin, in ƙara sola da fanka, in riƙa zaga kasuwannin Babura, Roni da Gwiwa da kayan waya lokacin hutu. Inna ta ce in bakanike ya wuce abin da na tara, a sayar. Wanda ya san mai gyaran J5 na gaskiya, ya taimaka ya yi min magana.