Dalilin da ke sa ƙananan jiragen sama ɓacewa daga taswirar bin sawu

Mazaunin Barunde a birnin Gombe na iya ganin ƙaramin jirgi ya nufi filin jirgin sama na Lawanti, amma ya rasa shi a manhajar Flightradar24. Dalilin yana tattare da yadda ake bin sawun jirage daga ƙasa.

Jirgin da ke da na'urar ADS-B yana samun matsayinsa daga tauraron ɗan'adam, sannan ya watsa shi a kan mita megahaz 1090, tare da bayanin nisansa daga ƙasa da saurinsa. Na'urorin karɓar saƙo, waɗanda galibi 'yan sa-kai ke kafawa a kan rufin gidaje, su ke tura bayanin ta intanet. Idan na'urar jirgin tsohuwa ce, akan buƙaci tashoshi huɗu su ji saƙon kafin a lissafa inda yake.

Saƙon ba ya ratsa dutse, ba ya kuma bin lanƙwasar duniya. Babban jirgin fasinja da ya lula sama akan jiyo shi daga kilomita 400, amma wanda ke tafiya mita 300 daga ƙasa da wuya ya wuce kilomita 70. Tsaunuka irin su Dutsen Bima, ƙarancin tashoshi da ɗaukewar wutar lantarki suna ƙara faɗaɗa giɓin.

Saboda haka, ɓacewa daga manhaja ba hujjar haɗari ba ce. Hukumar NAMA, mai kula da sararin samaniyar Najeriya, tana da nata na'urorin rada a wurare irin su Kano, Maiduguri da Numan, tana kuma magana da matuƙa ta rediyo.