Abebe Bikila Da Kocinsa: Darasi Ga Matasanmu Masu Gudu

Jama'ar Kachia, duk wanda ya ji labarin Abebe Bikila, abin da yake riƙewa shi ne ɗan Habasha ya lashe gudun yada ƙanin wani na Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Kaɗan ne suka san Onni Niskanen, Baturen Suwidin da ya horar da shi.

Bikila soja ne cikin dogaran Sarki Haile Selassie. Niskanen ya gano shi, ya tsara masa atisaye. Kafin ranar gasa suka zaga hanyar tare, suka zaɓi hasumiyar Aksum, kusa da ƙarshe, a matsayin inda zai ƙara wuta. Ya tanadi ƙarfinsa, daga bisani ya tsere wa Rhadi na Maroko, ya gama kilomita 42 cikin awa 2 da minti 15. A 1964 ya sake lashewa a Tokyo.

Matasanmu masu gudun asuba a hanyar Kafanchan, ƙarfi kuna da shi. Ku nemi mai horarwa da zai koya muku yaushe ake ja, yaushe ake hutawa.