Tarihin Ciwon Asma Da Maganinsa Na Shaƙa

Ƙasar Haɗeja ƙasa ce ta ruwa da fadama. Kogin da ya haɗa ruwan Kano da na Calawa ya gangaro ta wajen Auyo, ya wuce Haɗeja, sa'an nan ya warwatsu cikin fadamun Kirikasamma da Guri, ya nufi Nguru da Gashuwa. Shi ne arzikin mutanen wurin, gama da shi su ke noman shinkafa da alkama, su yi su, su yi kiwo. Amma kowane lokaci na shekara da irin abin da ya ke ɗora wa ƙirjin mutum. Da hunturu hazo ya kan taso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya rufe sama. Da kaka ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa. Da damina ga laima cikin ɗaki. Hayaƙin itace da na bandar kifi kuwa ba su da lokaci. Ga mai lafiya duk wannan bai wuce atishawa da ɗan tari ba. Ga mai asma kuwa ya kan zama kwana a zaune, ƙirji a ɗaure, numfashi yana fito kamar sarewa, wani lokaci ma har a rasa rai.

Cikin huhun mutum akwai 'yan hanyoyin iska masu rassa kamar rassan itace. A jikin mai asma bangon hanyoyin nan a kumbure ya ke ta ciki, ko a ranar da ya ke jin garau. In ƙura ko hayaƙi ko mura ta taɓa su, sai naman da ya kewaye su ya tsuke, majina mai kauri ta taru, iska ta rasa wurin wucewa. Mutumin Haɗeja ba ya bukatar dogon bayani a nan. Tun bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa zama cikin rafuka rani da damina, ya ga yadda ciyawar kachala ta yaɗu ta cike hanyoyin ruwa, har kwalekwale ya kasa ratsawa. To, haka kumburin nan ya ke yi wa hanyar numfashi. Ciwon asma dabam ya ke da tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana kuma ɗaukarsa. Asma kuwa ba a ɗauka, sai dai ya kan bi jini cikin zuriya.

Ciwon tsoho ne ƙwarai. Sunan da a ke kiransa da shi daga harshen Yunanawa ya fito, ma'anarsa haki. Larabawa suna ce da shi rabwu, Ibn Sina wanda ya rasu a 1037 ya yi bayaninsa cikin babban littafinsa na magani. Wajen shekarar 1190 Musa bin Maimun, likita a fadar Misira zamanin Salahuddini, ya rubuta littafi guda da Larabci a kan ciwon kaɗai. Ya yi horo da zama cikin iska mai tsabta, da rage ciye-ciye, da samun isasshen barci. Shawara ce mai kyau, amma ba ta kwance ƙirjin wanda ciwo ya tasam masa da tsakar dare.

Shaƙar magani ba baƙon abu ba ne ga Hausawa, gama tun kaka da kakanni an san sirace da turare. Mutanen Indiya kuma sun daɗe suna shan hayaƙin wani tsiro ɗan'uwan zaƙami domin sarƙewar numfashi. A 1802 labarin wannan ya kai Ingila daga birnin Madras, har aka riƙa naɗe ganyen kamar taba sigari ana sayar wa masu asma, aka shekara fiye da ɗari ana haka. Lalle akwai wani abu cikin ganyen da ke sassauta hanyar iska na ɗan lokaci. Amma tsiron guba ne, ba a banza Hausawa suka sa masa suna haukata-yaro ba, hayaƙin kansa kuma ƙara kumburi ya ke yi.

A 1901 wani masani mutumin Japan, Jokichi Takamine, ya tace wani ruwa daga ɗan ƙullutun da ke bisa ƙoda, aka sa masa suna adirenalin. Ba a daɗe ba likitoci suka ga allurarsa tana buɗe ƙirji cikin 'yan mintoci. Wajen 1924 aka ƙara da ƙwayar efedirin, wadda aka samo daga wani tsiro na ƙasar Sin. Waɗannan su ne manyan makaman likita a zamanin da En'e ta Haɗeja ke riƙe da ɗakunan shan magani na ƙasarta. Dukansu aikinsu ɗaya ne, watau su saki naman da ya tsuke. In ƙarfinsu ya wuce, kumburi yana nan inda ya ke.

A watan Satumba na 1948, a asibitin Mayo na Amurka, Likita Philip Hench ya yi wa wata mata mai ciwon gaɓɓai allurar wani sabon magani da abokin aikinsa Edward Kendall ya gano, shi ma daga ƙullutun nan na bisa ƙoda. Cikin 'yan kwanaki matar da ba ta iya tashi ta miƙe tana tafiya. Maganin nan shi ne kotison, kakan magungunan da a ke kira siteroyid, aikinsa kuwa kwantar da kumburi. A 1950 aka ba su lambar girma ta Nobel, su da wani masani na ƙasar Suwizalan. A shekarar nan aka fara gwada shi ga masu asma, aka ga abin mamaki, mutanen da aka fid da rai da su suka sami numfashi. Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Wanda ya shekara yana shan ƙwayar kullum sai fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni, jini ya hau, ciwon sukari ya shigo, yaro kuma girmansa ya tsaya. Dalili kuwa, ƙwaya sai ta gewaya jiki duka kafin kaɗan daga cikinta ya isa huhu.

Ana cikin haka sai wata dabara ta ɓullo daga inda ba a zata ba. Shugaban kamfanin Riker na Amurka, George Maison, yana da 'ya mai shekara 13 mai fama da asma. Ta tambaye shi don me ba za a sa maganinta cikin gwangwanin fesawa ba, irin wanda mata ke fesa wa gashi. Ya kai maganar ga ma'aikatansa, a 1956 aka fito da ɗan gwangwanin da ke shiga aljihu, wanda in an danna sai ya fesa magani daidai awo. Mutane suka yi na'am da shi, har suka dogara gare shi fiye da kima. Daga 1959 zuwa 1966 mutuwar asma tsakanin yara da samari a Ingila ta kusa ninka uku. Da aka bincika sai aka tarar yawancinsu suna ta fesa wani mai buɗe ƙirji mai ƙarfin gaske, suna jin sauƙi, ba su je asibiti ba sai da aiki ya ɓaci. A 1969 kamfanin Allen & Hanburys na Ingila ya fito da salbutamol, wanda aka sani da Ventolin, mai sauƙi ga zuciya. Shi ma dai mai buɗewa ne kawai.

Abin da ya rage shi ne a haɗa dabarun biyu, a sa mai kwantar da kumburi cikin gwangwanin fesawa, ya sauka kai tsaye inda ciwo ya ke. Kamfanin nan yana da wani siteroyid mai suna bekilometason, wanda da fari na shafawa ne a fata. Aka zuba shi cikin gwangwani, gwajin farko bai ba da sha'awa ba, har aka kusa watsar da shi. Sai wani likita a garin Derby, Harry Morrow Brown, ya karɓa. Shi tun 1958 ya lura cewa in aka duba kakin majinyaci da madubin likita, akwai alamar da ke nuna wanda siteroyid zai yi wa amfani. Ya zaɓi majinyata 60 ya ba su, a 1972 ya bayyana cewa yawancinsu sun sami sauƙi, da dama kuma sun rabu da ƙwayar da ke cin jikinsu. A shekarar nan maganin ya shiga kasuwa da sunan Becotide. Bayan kimanin shekara goma aka sami wani irinsa daga ƙasar Suwidin, budesonid.

A ƙasar Hausa ma an yi bincike. A 1975 Likita David Warrell da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gani ga masu asma 106 a Zariya. Yawancinsu sai da suka girma ciwon ya fara musu, kusan rabinsu kuma da damina ya fi tsananta. Cikin ƙurar katifa aka sami wasu 'yan ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda ke son laima. Ashe hazon hunturu yana da abokin laifi a cikin ɗaki, mazauna fadama kuwa su suka fi kusa da laima.

Amfanin sabon maganin ya tabbata a wurare da yawa. Ƙasar Finlan ta yi shiri na shekara goma, daga 1994 zuwa 2004, ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su fara ba da shi da wuri, kwanakin da masu asma ke yi a gadon asibiti suka ragu da fiye da rabi. A 2019 taron masanan asma na duniya da a ke kira GINA ya ce kada a bar baligi ko matashi da mai buɗe ƙirji shi kaɗai, lalle a haɗa masa da mai kwantar da kumburi. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar nan mutum miliyan 262 ke da asma, 455,000 suka mutu, yawancinsu a ƙasashen talakawa. A Nijeriya wani bincike na 2019 ya ƙiyasta masu ciwon sun kai miliyan 13. Tsada ita ce babbar katanga, ta kuma ƙaru bayan da kamfanin GSK, magajin Allen & Hanburys, ya ba da sanarwa a Agusta 2023 cewa zai bar sayar da kayansa da kansa a Nijeriya.

Daga wannan tarihi mai karatu zai gane bambancin gwangwanayen nan biyu. Mai buɗe ƙirji, wanda galibi shuɗi ne, kamar mai tura kwalekwale ne da gora ta cikin kachala: ya wuce yau, gobe ciyawa tana nan. Mai kwantar da kumburi, wanda galibi ruwan ƙasa ne, shi ne mai yanke ciyawar. Ba a jin aikinsa nan take, sai bayan kwanaki ko 'yan makonni, saboda haka mutane da yawa su kan ce ba ya aiki su ajiye shi. A ke shaƙarsa safe da yamma yadda likita ya ce, ko da mutum yana jin lafiya, mai azumi kuma yana iya yi da sahur da bayan shan ruwa. A girgiza gwangwani, a fitar da numfashi, a danna ana jan iska a hankali, a riƙe ta gwargwadon ƙirga goma, sa'an nan a kurkure baki a zubar, domin kada baki ya yi fari-fari ko murya ta dushe. Awonsa ƙanƙane ne ƙwarai, don haka ba ya yin ɓarnar da ƙwaya ke yi. Abin da aka gani ga yara shi ne ragin tsawo na kimanin santimita 1. Yaro ko tsoho da ba ya iya haɗa danni da jan iska akwai mazurarin da a ke sa masa. A 1999 Likita Heather Zar ta Afirka ta Kudu ta nuna cewa gorar roba ta rabin lita, in an huda gindinta aka sa bakin gwangwani aka toshe gefen, tana yin wannan aiki.

Wanda ya ke bukatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko ciwo ke tashinsa daga barci, ya kamata ya koma wa likita. Wanda ya kasa gama magana don haki, ko leɓensa ya sāke launi, a kai shi asibiti nan da nan. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu da rama da gumin dare kuwa, a auna kakinsa domin tarin fuka.

Mutanen bakin kogin Haɗeja sun san ba a fara ɗaura jinga ranar da ruwa ya shigo gari. Tun da rani a ke tara ƙasa, a cika buhuna, a toshe inda ya zaizaye. Likitocin duniya sun yi shekaru aru-aru, sun kuma yi hasarar rayuka masu yawa, kafin su gane haka game da ƙirjin mai asma. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya.