Kiran Ƙarfe Biyun Dare: Yadda Na'urar Faks Ta Hana Amurkawa Barci

Muƙalarmu ta wannan mako a kan wani ɗan ƙaramin abu ce da ya taɓa addabar gidaje a Amurka, ya kai har gaban majalisa da kotuna.

Ku ɗauka muna cikin shekarun 1990, a wani gida da ke da wayar tarho ta girke, irin mai igiya da ake jonawa a bango. Ƙarfe biyu na dare sai ta ɗauki ƙara. Kowa ya san kiran tsakar dare ba kasafai yake zuwa da alheri ba, ko rashin lafiya ko rasuwa. Maigida ya tashi gabansa na faɗuwa, ya ɗauka, ya ce wa ke magana. Ba kowa. Sai wani ɗan siririn sauti, ɗit, a yi shiru, a sake ɗit. Ya ajiye ya koma ya kwanta. Bayan 'yan mintoci ta sake ɗaukar ƙara. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Ba aljani ba ne, ba kuma wani mai neman tsokana ba ne. Na'urar faks ce take neman 'yar uwarta, ta faɗo gidan da babu ita.

Ga waɗanda ba su riske ta ba, faks na'ura ce da ake zura wa takarda, ta karance abin da ke jiki layi-layi, ta mayar da fari da baƙin takardar zuwa sauti, ta tura ta layin tarho. Wata na'urar a ɗaya ɓangaren ta saurara, ta buga kwafin takardar. Abin da zai ba ku mamaki shi ne ta girmi tarhon kansa. A 1843 wani mai gyaran agogo ɗan Sukotlan, Alexander Bain, ya yi rajistar dabarar aika zane ta wayar lantarki. Alexander Graham Bell kuwa sai a 1876 ya yi rajistar tarho. A tsakanin nan, a 1865, na'urar wani limamin coci ɗan Italiya, Giovanni Caselli, ta fara yi wa 'yan kasuwa aiki tsakanin Paris da Lyon a Faransa.

Duk da haka faks ta shafe fiye da shekara ɗari tana hannun 'yan tsiraru: gidajen jarida masu aika hotuna, sojoji, masu hasashen yanayi. Tana da tsada, ga nauyi, ga nawa. Wadda kamfanin Xerox ya fitar a 1966 sai ta ci minti shida kafin ta aika shafi guda. Kuma na'urar wannan kamfani ba lallai ta fahimci ta wancan ba. Abin ya sauya ne a 1980, lokacin da hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin sadarwa ta fitar da tsari guda da kowane kamfani zai bi. Shafi ya koma tafiya cikin ƙasa da minti ɗaya. Kamfanonin Japan suka rungumi abin hannu bibbiyu, domin rubutunsu mai dubban alamomi ya fi sauƙin rubutawa da hannu a aika hotonsa. Farashi ya faɗi, kafin ƙarshen shekarun 1980 ofisoshin Amurka sun cika da ita.

A cikin wannan tsari ne sautin da ya tashi maigidanmu yake. Na'urar da ta yi kira takan fitar da sauti mai kaɗawa sau 1,100 a daƙiƙa, na tsawon rabin daƙiƙa, ta yi shiru na daƙiƙa uku, ta maimaita. Sallama ce take yi. Tana jiran a amsa mata da wani sautin mai kaɗawa sau 2,100. Idan ta ji shi, sai su daidaita da juna, takarda ta wuce. Idan mutum ne ya ɗauka, ko roƙo ya yi, ko zagi, ko rantsuwa, duk a wurinta ba a amsa sallama ba. Sai ta rubuta cewa aike bai je ba, ta jira, ta sake kira, don haka aka gina ta. Masu ƙera ta sun ɗauki wannan naci a matsayin kirki: ba sai ma'aikaci ya tsaya a kanta ba. Ba su kawo a ransu wanda ke ɗaya bakin layin sanye da kayan barci ba.

To me ya sa da dare? Kuɗi ne. A wancan zamani kiran nesa a Amurka ya fi arha daga ƙarfe 11 na dare zuwa 8 na safe. Na'urorin kuma suna da wurin saita lokaci. Sai ma'aikaci ya loda takardu da yamma, ya saita su tafi tsakar dare, ya kulle ofis ya yi gida. Shi yana barcinsa, injinsa na hana wani barci.

Hanya uku ce lambar gida ke shiga wannan tarko. Ta farko kuskure: a sauya lamba ɗaya wajen shigarwa, kuskuren ya zauna a ƙwaƙwalwar na'ura. Ta biyu gado: kamfanin tarho ya ba sabon mai gida lambar da a da ta faks ɗin wani shago ce, alhali tana nan a jerin masu hulɗa da shagon. Ta uku kuwa ganganci ce, kuma ita ta haɗa wannan labari da 'yan talla.

Da faks ta yaɗu, 'yan talla suka gano wata garaɓasa. Idan ka aika talla ta gidan waya, kai za ka sayi takarda, ka biya maɗaba'a, ka sayi kan sarki. Idan ta faks ce, takardar mai karɓa za a ci, tawadarsa za a ƙarar, layinsa za a tare. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ma'aikata sukan zo da safe su tarar da naɗin takarda ya ƙare a kan tallan yawon shaƙatawa da bashin gida, har da tallan takardar faks ɗin kanta, saƙon da ake jira kuma bai samu shiga ba.

Jihar Connecticut na cikin na farko da suka yi doka a kai, a 1989, kuma yadda aka yi akwai abin dariya. Masu adawa da dokar suka yi ta antaya wa ofishin Gwamna William O'Neill saƙonnin faks suna roƙon kada ya sa hannu, a daidai lokacin da ofishin ke jiran rahotannin ambaliyar ruwa ta wannan na'urar. Da hannunsu suka nuna masa illar abin. Ya sa hannu. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

A matakin tarayya, Sanata Ernest Hollings na jihar South Carolina ne ya jagoranci ƙudurin. A jawabinsa a majalisa ya kira kiraye-kirayen inji annobar zamani, ya ce suna tayar da marasa lafiya da tsofaffi daga gado, suna takura wa mutum har ya ji kamar ya fizge wayar daga bango. A watan Disamba na 1991 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare masu amfani da tarho, wadda aka fi sani da TCPA. Ta haramta aika tallan da ba a nema ba zuwa na'urar faks. Ta ba wanda aka aika wa damar kai ƙara ya karɓi dala 500 a kan kowane saƙo, kotu kuma na iya ninkawa uku idan da gangan aka yi. Ta kuma wajabta cewa kowane saƙon faks ya ɗauki kwanan wata da lokaci da sunan mai aikawa da lambarsa. Ku riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe, za mu dawo kansa. 'Yan talla sun garzaya kotu suna cewa an tauye musu 'yancin faɗin albarkacin baki, amma a 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da dokar, bisa hujjar cewa gwamnati na da damar hana ɗora wa mutum kuɗin tallan da bai nema ba.

Sai dai ku lura da wanda dokar ta kare a wannan fanni: mai na'urar faks, wanda zai iya ɗaga takarda a gaban alƙali ya ce ga shaida. Maigidanmu ba shi da na'ura, ba shi da takarda. Ba a ci masa tawada ba. Barcinsa aka ci, barci kuwa ba ya barin rasit.

Kuma harkar 'yan talla ta ƙara jefa irinsa cikin wahala. Jarin mai wannan sana'a shi ne yawan lambobin faks da ya tara. Hanya mafi arha ta tara su ita ce a sa kwamfuta ta yi ta kiran lambobi bi da bi, duk inda aka amsa da sautin faks ta adana, inda mutum ya ɗauka ta wuce. Kamfanin da ya fi yin ƙaurin suna a nan shi ne Fax.com na jihar Kalifoniya. A watan Agusta na 2002 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba da sanarwar cin sa tarar dala 5,379,000 a kan laifi 489, wato dala 11,000 kowanne, ta kuma tabbatar da tarar a farkon 2004. Amma sai a 2003 hukumar ta fito fili ta haramta kiran lamba don kawai a gano ko ta faks ce ko ta magana. Shekara goma sha biyu ke nan bayan dokar farko kafin a tuna da mutumin da ake tasa daga barci. A 2005 kuma majalisa ta sassauta wa 'yan kasuwa: aka yarda su aika talla ga wanda suke da tsohuwar hulɗa da shi, muddin sun rubuta a shafin farko yadda zai ce a daina, kuma su daina cikin kwana 30.

To kafin doka ta waiwayo, ya mutane suka yi? Wasu suka riƙa zare wayar da dare, amma wanda ke da tsohuwa a asibiti ko ɗa a hanya ba zai iya ba. Wasu suka sauya lamba, suka bi dangi da abokai ɗaya bayan ɗaya suna sanarwa. Akwai lambobin taimako da kamfanonin tarho suka tanada: *69 don sanin wanda ya kira na ƙarshe, *57 don a bi sawun kira, *60 don toshe wata lamba. Sai dai sakamakon bin sawun ba a miƙa wa mai gida, hukuma ake ba, sau da yawa kuma lambar mai kiran a ɓoye take. Ko ka same ta ka kira, na'ura ce za ta ɗauka ta yi maka tsuwa a kunne.

Dabarar da ta fi aiki ita ce wadda ta fi kama da miƙa wuya: a karɓi saƙon. Mutum ya aro na'urar faks ya jona a layinsa na dare ɗaya, ko ya bar kwamfutarsa a kunne da manhajar karɓar faks, ko ya karkatar da kiransa zuwa faks ɗin wurin aikinsa. Da na'urar can ta ji an amsa sallamarta, sai ta sauke kayanta ta yi shiru. Da safe ga takarda, a samanta ga suna da lamba, albarkacin wancan sharaɗi na 1991. Daga nan sai a nemi ɗan Adam ɗin da ke bayan injin. Idan kuskure ne, kiran minti biyu ya kashe maganar da ta hana gida barci na makonni, domin mai aikawa ma bai san takardunsa ba sa isa inda ya nufa ba. Idan ɗan talla ne, yanzu akwai shaida a hannu.

Imel da intanet suka zo suka rage wa faks kasuwa, wayar girke ma ta yi ta ɓacewa daga gidaje, ko da yake asibitoci da ofisoshin lauyoyi a Amurka, da ma'aikatu a Japan da Jamus, sun daɗe suna riƙe da ita. Mu a nan yawancinmu ba mu taɓa mallakar wayar girke ba, wayar salula ce ta fara shigo mana gida daga 2001. Amma mun san ɗanɗanon abin: saƙonnin talla da kiran inji da suka cika mana waya, har hukumar NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 don mai son a daina damunsa. Lissafin bai sauya ba. Duk lokacin da aikawa ta zama kusan kyauta, wahalar takan koma kan mai karɓa, kuma wanda asararsa ba ta ƙirguwa da kuɗi shi ake tunawa a ƙarshe.

Maigidanmu dai ba ihu ne ya cece shi ba, ba kuma zare waya ba. Takarda guda ce mai ɗauke da suna a samanta. Allah Ya ba mu barci mai daɗi, Ya kai mu mako na gaba lafiya.