Daga Rotse zuwa Muliha: Tarihin Sunayen Raunuka a Kotunan Ƙasar Kazaure

Idan aka bugi mutum da sanda a ka jini ya zuba, Bahaushen Gwiwa zai ce an yi masa rotse. Kalmar ta ishe shi, amma ba ta taɓa isar alƙali ba, domin a fiƙihun Malikiyya kowane zurfin rauni da sunansa, kuma a kan sunan ake gina hukunci.

Asalin wannan rabe-rabe yana cikin wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya bai wa Amru ɗan Hazmu lokacin da ya tura shi Najran, wadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Ta hanyar Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani (ya rasu 386 Hijira) da Mukhtasar na Khalil kalmomin suka shigo zaurukan malaman ƙasar Hausa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano wajen 1806 domin shiryar da masu mulki da alƙalai, kuma a kan wannan turba ta Malikiyya masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa, ta gudanar da shari'a a garuruwanta, har da Roni da Gwiwa.

Raunin da ya ratsa nama har ƙashin kai ko na fuska ya bayyana shi ne muliha, diyyarsa raƙuma 5 daga cikin 100 na cikakkiyar diyya. Idan ƙashin ya farfashe har ɓaraguzansa suka gusa, ya zama munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa ma'amuma ne, wanda ya huda ciki kuma ja'ifa, kowanne sulusin diyya. Abin da bai kai muliha ba babu ƙayyadadden adadi a kansa, sai ijtihadin alƙali, shi ma bayan raunin ya warke an ga ko ya bar lahani. A munaƙƙila da ma'amuma da ja'ifa ba a yin ƙisasi ko da ganganci aka yi su, saboda mai ramawa ba shi da ikon tsayar da ƙarfe daidai inda na farko ya tsaya, yana iya kashe mutum a wajen neman haƙƙin rauni.

A babin nakasa kuwa an fi duba amfanin gaɓa a kan siffarta. Hannun da ya shanye hukuncinsa ɗaya da wanda aka yanke. Idon mai ido ɗaya cikakkiyar diyya gare shi a wajen Malik, alhali Abu Hanifa da Shafi'i rabi suka ce. Hujjar Malikiyya ita ce wanda aka tsiyaye masa wannan ido ganinsa gaba ɗaya aka ɗauke.

Zuwan Turawa bai kawar da waɗannan kalmomi nan take ba. Sun hana hukuncin yanke gaɓa, ƙisasin raunuka ya tsaya, amma alƙalai suka ci gaba da yanke diyya. Babban sauyi ya zo ne bayan kwamitin masana shari'a na 1958, wanda Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa ta 1959, wadda aka kwaikwayo daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860, ta tattara raunuka duka ƙarƙashin suna biyu: rauni da mummunan rauni. Karayar haƙori da makantar da ido suka shiga aji ɗaya, tare da duk raunin da ya hana mutum harkokinsa kwana 20. Abin da ya salwanta a nan ya wuce lafazi. A fiƙihu haƙƙin na wanda aka raunata ne, shi zai karɓa ko ya yafe. A sabuwar doka laifin ya zama tsakanin mai laifi da hukuma, sakamakonsa ɗauri ko tara, biyan wanda aka cuta kuwa ya koma abin da kotu ke ƙarawa in ta ga dama.

Daga shekarar 2000 jihohin Arewa, Zamfara a gaba, Jigawa na cikinsu, suka dawo da ƙisasi da diyya cikin dokokinsu. Sai dai shekaru 40 sun isa su raba kalma da masu aiki da ita. A da alƙali kan sa a duba raunin a faɗa masa ko ƙashi ya bayyana. Yau takardar asibiti ce shaida, da Turanci ake rubuta ta, kuma likita bai koyi sunayen fiƙihu ba. Idan rikicin manomi da makiyayi ya kai gaban kotu lokacin kaka, takardar na iya faɗin tsawon raunin da yawan ɗinkin da aka yi, ta yi shiru a kan ko ƙashi ya bayyana ko ya gusa, alhali tsakanin amsoshin nan biyu akwai kuɗin raƙuma 10.