St Andrews, Oakmont da Augusta: Yadda tsarin manyan filayen golf uku ya bambanta

Masana tsara filayen golf, wasan da ake kira ƙwallon lambu, sukan kasa tsofaffin filaye gida biyu: masu hukunta ɗan wasa kan kowane kuskure, da masu ba shi zaɓi ya yi amfani da dabara. Filaye uku sun isa misali.

Tsohon filin St Andrews da ke gaɓar tekun Skotland ba mutum ɗaya ne ya zana shi ba. Iska da yashi ne suka fara fitar da siffarsa. A 1764 aka rage ramukansa daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta ɗauka daga baya. Hanyoyinsa na da faɗi, amma akwai kwarurrukan yashi 112, da yawansu a ɓoye. Ɗan wasa zai iya bin gajeriyar hanya mai haɗari, ko ya zagaya cikin aminci. Da zarar iska ta sauya, lissafin ma ya sauya.

Oakmont na jihar Pennsylvania a Amurka, wanda Henry Fownes ya tsara a 1903, kishiyar wannan ne. Hanyoyinsa matsattsu ne, kwarurrukan yashi sun yi musu ƙawanya, ƙwallo kuma na zamewa da sauri a kan ciyawar da ke kewaye da ramuka. Wanda ya kauce kaɗan ya ɗanɗana kuɗarsa.

Augusta National na jihar Jojiya, inda ake gasar Masters tun 1934, aikin Alister MacKenzie ne da Bobby Jones, kuma dukansu masoya St Andrews ne. Sun taƙaita kwarurrukan yashi, suka dogara da gangaren ƙasa da ruwa, domin gwani ya sha wuya, ɗan koyo kuma ya ji daɗin wasa.

Bambancin bai tsaya ga zane ba. St Andrews filin jama'a ne, kuma a mafi yawan ranakun Lahadi ana dakatar da wasa, mutanen gari su shiga yawon shan iska. Augusta kuwa bai karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai 1990, mata kuma sai 2012.

Barazanar da ke gaban filayen uku iri ɗaya ce: sanduna da ƙwallayen zamani na kai bugu nesa fiye da yadda magina suka yi hasashe, har ƙwallo na tsallake tarkunan da aka ɗana. Augusta ya sayi ƙasar maƙwabcinsa, ya tsawaita rami na 13 zuwa yadi 545 a 2023. Filin da ba shi da kuɗi ko sarari ba zai iya haka ba. Shi ya sa a ƙarshen 2023 hukumomin R&A da USGA suka sanar da ƙa'idar rage nisan da ƙwallo ke tafiya.