Kitabul Filaha na Ibn al-Awwam

Kitabul Filaha littafin noma ne da Ibn al-Awwam, mutumin Ishbiliya ta ƙasar Andalus, ya rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 12. Babi 34 ne: 30 kan ƙasar noma, taki, ban ruwa da auren itatuwa, 4 kan kiwon dabbobi, kaji da ƙudan zuma.

Ya yi bayanin tsirrai kusan 585, har da auduga, shinkafa da kayan ƙamshi. Inda littafin ya fi daraja shi ne, bayan kawo maganganun magabata, marubucin yakan faɗi abin da shi kansa ya gwada a gonakin yankin Asharaf, kusa da Ishbiliya.

An buga fassararsa ta Sifaniyanci a Madrid cikin 1802.